Gyaran zuciya ta gindin cinya: abin da kateta ke iya yi da inda take tsayawa

Idan aka ce ciwon zuciya, hankalin yawancin mutane kan tafi ga hawan jini ko toshewar jijiyoyi. Amma akwai wani rukuni dabam, inda aibin yake a ginin zuciyar ita kanta. Zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da katanga a tsakiya mai raba dama da hagu, da ƙofofi huɗu waɗanda ba sa barin jini ya koma inda ya fito. Ƙofofin nan su ne bawul, kamar dai na inji, kowane da ƙyamarensa masu buɗewa da rufewa kusan sau 100,000 a rana. Ƙofa kan tsuke ta ƙi buɗuwa, ko ta saki ta ƙi rufuwa. Katanga kuma ana iya haihuwar mutum da rami a jikinta.

A tiyata, likita yana raba ƙashin ƙirji, ya ɗora majinyaci a kan na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, ya tsayar da zuciyar cak, ya buɗe ta. Yana gani da idonsa, ya yanke abin da ya lalace ya fitar, ya ɗinke sabo. Mai aiki da kateta, wato siririyar robar da ake zurawa ta jijiya har zuciya, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zuciya tana bugawa, jini yana gudu, shi kuma yana tsaye wajen cinyar majinyaci yana juya siririyar roba da tsawonta ya haura mita ɗaya, idonsa a kan allon hoto. Abin da zai iya yi bai wuce uku ba: ya buɗa wurin da ya tsuke, ya toshe rami, ko ya kafa wani abu a wurin ya bar shi ya riƙe kansa. Ba ya fitar da komai. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa ake yi wa wani majinyaci aikin cikin awa ɗaya ya koma gida kashegari, wani kuma mai irin sunan cutar a ce masa sai an buɗe ƙirji.

Ƙofar shiga

A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura roba ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto don a yarda. Amma dabarar shiga da kowa ke bi yau ta Sven Seldinger ce, ɗan ƙasar Suwidin, daga 1953. A soka allura cikin jijiya, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar a bar wayar, sannan a tura gajeren bututu a kan wayar. Bututun nan shi ne kube, kuma ta cikinsa kowane kayan aiki zai shiga ya fita. Ana auna kaurinsa da ma'aunin Faransa, inda lamba 3 take daidai da milimita 1. Gwajin jijiyoyin zuciya na yau da kullum lamba 5 ko 6 ya ishe shi. Dasa bawul yana buƙatar 14 zuwa 16, a farkon zamani ma 22 zuwa 24 ake sakawa, kusan kaurin biro.

Jijiyoyi biyu ne kwance kusa da juna a gindin cinya. Ɗaya tana mayar da jini zuwa zuciya, matsinta kaɗan ne, tana da haƙuri, kuma tana kai mutum ɗakin sama na dama. Ɗayar tana kawo jini daga zuciya da ƙarfi, mai binta sai ya yi ta haurawa gaba da gudun jini har ya kai bawul ɗin awota, wato ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Wurin sukar wannan ta biyun yana da ƙa'ida: daidai kan kan ƙashin cinya, domin in jini ya ɓalle a sami ƙashin da za a danne jijiyar a kai. In aka soka sama da haka, jini na iya tsiyaya cikin bayan ciki ba tare da kowa ya gani ba, sai dai a ga hawan jini yana faɗuwa majinyaci yana kukan ciwon baya. In aka yi ƙasa, inda jijiyar ta rabu biyu, ramin kan ƙi rufuwa ya zama ƙullutu mai bugawa. Shi ya sa yanzu da hoton sikanin ake sukar, kuma tun kafin a saka babban kube ake dasa zaren ɗinki a bangon jijiyar da wata 'yar na'ura, in an gama sai a ja zaren a ƙulle. Ɗinkin da ke cikin aikin ke nan kaf, kuma a bakin ƙofa yake.

Da zarar kayan sun shiga, jini zai so ya daskare a jikinsu. Ana ba da hefarin, maganin hana daskarewar jini, yunit 70 zuwa 100 a kowane kilo na nauyin jiki, a riƙa ɗibar jini lokaci lokaci ana dubawa, ana so ya ɗauki daƙiƙa 250 zuwa 300 kafin ya daskare. Iska ma abokiyar gaba ce. Kumfa ɗaya da ta shiga ɓangaren hagu tana iya wucewa ƙwaƙwalwa ko jijiyar zuciya, don haka kowace roba sai an wanke cikinta da ruwan gishiri an tabbatar ba iska kafin ta shiga.

Bawul ɗin awota da aikin TAVI

TAVI, wato dasa sabon bawul ɗin awota ta kateta, shi ne aikin da ya fi suna. Bawul ɗin awota shi ne ƙofar fita daga ɗakin ƙasa na hagu zuwa jiki duka, faɗinsa murabba'in santimita 3 zuwa 4 ga mai lafiya. Da tsufa, kalsiyam yana taruwa a ƙyamarensa uku har su yi tauri kamar tsakuwa. Ana cewa tsukewar ta yi tsanani idan faɗin ya sauko zuwa 1.0 ko ƙasa, ko jini yana fita da gudun mita 4 a daƙiƙa, ko bambancin matsi tsakanin ciki da waje ya kai 40 a ma'aunin hawan jini. Mutum na iya shekaru ba ya jin komai. Amma ranar da ciwon ƙirji, ko suma, ko haki suka fara, lissafin ya canza: wanda zuciyarsa ta fara gazawa, in ba a canza bawul ba, da wuya ya wuce shekara biyu. Babu ƙwayar da ke narkar da wannan tsakuwa.

Alain Cribier, likita a birnin Rouen na Faransa, ya fara gwada buɗa shi da balan-balan a 1985. Majinyata sun sami sauƙi, amma cikin watanni ƙofar ta sake tsukewa. Sai ya koma ga tunanin tokare ta da kejin ƙarfe mai ɗauke da sababbin ƙyamare a ciki. Ranar 16 ga Afrilu 2002 ya dasa na farko. Binciken PARTNER da aka buga a 2010 ya duba mutum 358 da likitocin tiyata suka ce ba za su iya ɗaukar fiɗa ba: a shekara ɗaya, kashi 50.7 cikin ɗari na waɗanda ba a dasa musu ba sun rasu, waɗanda aka dasa musu kuwa kashi 30.7. Zuwa 2019 an nuna yana aiki har ga tsofaffin da tiyata ba za ta ba su wahala ba.

Tun ran gini tun ran zane. Likitan tiyata yana auna bakin bawul da hannunsa bayan ya buɗe, amma a nan hoton CT ne ke yanke hukunci kwanaki kafin aikin. A kansa ake auna kewayen zoben da bawul zai zauna, wanda ba da'ira ba ce sosai, ya fi kama da ƙwai. A auna nisan bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya daga zoben. A duba inda kalsiyam ya fi taruwa. A bi jijiyar cinya tun daga ƙasa har sama, domin in faɗinta bai kai milimita 5 zuwa 5.5 ba, ko ta cika lanƙwasa da tauri, sai a nemi wata hanya ta wuya ko ƙarƙashin ƙashin kafaɗa.

Bawul ɗin iri biyu ne. Akwai wanda balan-balan ke buɗawa, irin Sapien, mai girman milimita 20, 23, 26 ko 29, ƙyamarensa daga jakar zuciyar saniya. Akwai mai buɗa kansa, irin Evolut, wanda kejinsa na naitinol ne, haɗin nikel da taitaniyam da ke laushi a ruwan sanyi ya koma siffarsa da zafin jiki. Ƙyamaren Evolut daga jakar zuciyar alade ake yin su, kuma majinyaci Musulmi yana da haƙƙin a gaya masa wannan tun a zaman farko, ya yi tambayarsa ga malamai, ba sai an kwantar da shi ba. Wani lokaci ana da zaɓi, wani lokaci siffar zuciyarsa ce za ta zaɓa.

A ranar aiki, sau da yawa ba a ma yin allurar barci mai nauyi. Ana ratsa tsukakkiyar ƙofar da miƙaƙƙiyar waya, wanda shi kansa kan ɗauki lokaci don ana neman ɗan rami ne a gaba da feshin jini. Sai a musanya ta da waya mai tauri da bakinta ya naɗe kamar dodon koɗi don kada ta huda bangon zuciya. A kanta ake tura bawul a matse. Ga na balan-balan, in an daidaita shi sai a sa zuciya ta buga sau 180 zuwa 200 a minti ta hanyar wayar lantarki. A wannan gudun ba ta samun cika, hawan jini ya faɗi ƙasa da 60, kuma a 'yan daƙiƙun nan ake hura balan-balan. In ba a yi haka ba, bugu ɗaya mai ƙarfi zai tofar da bawul ɗin daga wurinsa. Mai buɗa kansa kuwa a hankali ake sakinsa, kuma kafin a kai kusan kashi 80 ana iya mayar da shi kube a sake daidaitawa.

Tsohon bawul bai je ko'ina ba, an dai manne shi da bango ne, kuma kusan duk matsalolin aikin daga nan suke. Wayoyin lantarkin zuciya suna wucewa 'yan milimita ƙasa da zoben. In keji ya sauka ƙasa da yawa ya danne su, saƙo ya yanke tsakanin sama da ƙasa, sai an saka batirin zuciya na dindindin. A binciken 2019 hakan ya sami kusan kashi 6 zuwa 7 na masu bawul ɗin balan-balan, da kusan kashi 17 na masu mai buɗa kansa. In bawul ya yi ƙaranci ko dunƙulen kalsiyam ya hana shi manne wa bango, jini zai riƙa komawa ta gefe. In ya yi girma, dunƙulen na iya fasa zoben, abin da bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba amma sau da yawa yana kisa nan take. In bakin jijiyar zuciya yana ƙasa da milimita 12 daga zobe, tsohon ƙyaure na iya rufe shi kamar murfin tukunya. Ɓarɓashin kalsiyam kuma kan ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki ga mutum biyu ko uku cikin ɗari.

Sai maganar shekaru. Ƙyamaren nama suna tsufa, kuma a jikin matashi sun fi saurin lalacewa. Ƙa'idar Amurka ta 2020 ta fifita tiyata ga wanda bai kai 65 ba, TAVI ga wanda ya haura 80, tsakani kuma a zauna a yi shawara. Akwai kuma abin da ya kamata a sani: kalsiyam ɗin da ke jawo matsala shi ne kuma ke riƙe kejin. Bawul ɗin awota da ke yoyo kawai ba tauri, irin wanda ake yawan gani ga matasa bayan zazzaɓin rumatik, cutar da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya kan jawo, ba shi da abin da kejin zai kama. Ga waɗannan har yanzu tiyata ce hanya.

Ramuka

Toshe rami ya fi sauƙin bayani. Na'urar da Kurt Amplatz ya ƙera a shekarun 1990 saƙar wayar naitinol ce, faifai biyu da ƙugu a tsakiya, ciki da ƙyalle. Ana miƙe ta cikin roba, a tsallaka ramin, a buɗe faifan hagu, a ja shi ya manne da katanga, a buɗe na dama. Kafin a kwance ta daga igiyarta sai an ja an tura an ga ba ta motsi. Cikin wata shida naman zuciya ya lulluɓe ta, kuma a wannan tsakanin ana shan asfirin.

Sharaɗin shi ne gefe. Ramin katangar sama da ke tsakiya, mai nama na aƙalla milimita 5 a kewayensa, shi ne ke rufuwa haka, har zuwa faɗin kusan milimita 38. In gefen ƙasa ya yi ƙaranci ko ya yi laushi, na'urar za ta suɓuce ta bi jini, a koma kamunta da tarko ko a buɗe ƙirji. In an saka wadda ta fi ƙarfin wurin, gefenta na iya goge bangon zuciya har ya huda bayan watanni ko shekaru, ga mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu. Haka ake toshe jijiyar da ke haɗa awota da jijiyar huhu idan ta ƙi rufuwa bayan haihuwa, yanzu har ga bakwaini mai nauyin giram 700. Ramin katangar ƙasa ya fi wuya, don wayoyin lantarki na bin gefensa.

Babban haɗarin ramuka shi ne jinkiri. Shekaru ana tura wa huhu jinin da ya fi ƙarfinsa, jijiyoyinsa su yi kauri su ƙi saki, har jini ya juya ya riƙa bi daga dama zuwa hagu, leɓe da farce su yi shuɗi. A wannan matakin ramin ya zama mafitar da ke raya mutum, toshe shi kashe shi ne. Don haka ake auna matsin jijiyar huhu kafin a taɓa ramin da ke zuciyar babban mutum.

Tsallaka katanga

Bawul ɗin mitral, wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu, ba a kai masa kai tsaye. Ana hawa ta jijiyar da ke mayar da jini zuwa ɗakin dama, sannan a huda katangar tsakiya da doguwar allura mai lanƙwasa, a wani wuri mai sirantaka kamar fatar ganga. Gabansa awota ce, bayansa bangon zuciya. Kuskuren santimita ɗaya, jini ya zubo cikin jakar da ke kewaye da zuciya. Jakar ba ta miƙewa da sauri, mililita 100 zuwa 200 sun isa su shaƙe zuciya, kuma maganin shi ne a soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji a zuƙe jinin nan da nan, a ba da furotamin ya warware hefarin. Duk ɗakin da ake irin wannan aiki, kayan zuƙar suna ajiye a buɗe.

Ga bawul mai yoyo akwai MitraClip, ɗan matsi mai hannu biyu da ke kama tsakiyar ƙyamaren biyu ya haɗe su, ƙofa ɗaya ta koma biyu ƙanana. Dabarar ta Ottavio Alfieri ce, likitan tiyata a Italiya, wanda da zare yake yi. An fara sakawa ta kateta a 2003. Ana yin sa da allurar barci, da kan na'urar eko, wato sikanin zuciya, a cikin maƙoshi, kuma hudar katanga sai ta kasance kimanin santimita 4 zuwa 4.5 sama da bawul don a sami filin lanƙwaso. Bayan an kama, ba a saki sai an tabbatar kowane ƙyaure ya shiga sosai, kuma bambancin matsi tsakanin ɗakunan biyu bai haura 5 a ma'aunin hawan jini ba. Wuce haka, an magance yoyo an haifar da tsukewa.

A 2018 bincike biyu suka fito a kan masu yoyo saboda zuciya ta kumbura ta gaza. MITRA-FR na Faransa bai ga amfani ba. COAPT na Amurka da Kanada, mai mutum 614, ya ga mace-mace a shekara biyu sun sauko daga kashi 46 zuwa 29. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne majinyatan ba iri ɗaya ba ne: na COAPT yoyonsu ya fi yawa, zuciyarsu ba ta kai ta waɗancan kumbura ba, kuma an riga an kai su ƙarshen magani kafin a taɓa su. Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa, inda gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa. Mai jegon da eko ya nuna bawul ɗinta na yoyo, yawanci bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ya faɗaɗa ya janye ƙyamaren. Magani ake fara bi, kuma in zuciyar ta koma, yoyon kan ragu da kansa.

Balan-balan na Inoue

Matsin MitraClip yana son ƙofa mai faɗin murabba'in santimita 4 ko fiye, don haka ba ya amfanar tsukakken bawul. Kuma tsukakken mitral shi ne namu. Cutar zuciya ta rumatik tana jikin mutum kusan miliyan 40 a duniya, tana kashe kimanin 300,000 a shekara, akasari a Afirka da kudancin Asiya. Asalinta ciwon maƙogwaro ne na ƙwayar sitireb a ƙuruciya da ba a ba shi fenisilin ba. Garkuwar jiki, garin yaƙar ƙwayar, sai ta far wa bawul. A rajistar REMEDY, da ta tattara majinyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yaman, tsakiyar shekarunsu 28 ne, kuma biyu cikin uku mata ne. A ganinmu, asibitin da ke yankinmu da zai kafa ɗakin kateta, wannan aikin ya kamata ya fara ƙwarewa a kai kafin ya yi mafarkin TAVI.

Abin da ya sa balan-balan ya gaza a awota amma ya yi nasara a nan shi ne yanayin lalacewar. A rumatik, gefunan ƙyamaren biyu ne ke mannewa da juna daga kusurwoyi, ƙofar da take murabba'in santimita 4 zuwa 6 ta koma kamar bakin kifi, 1.5 ko ƙasa. Akwai layin mannewa, kuma in aka matsa, ta nan zai tsage. Likitocin tiyata na da da yatsa suke tsaga shi. Kanji Inoue, likitan tiyata ɗan Japan, ya ƙera balan-balan da zai yi aikin yatsan, ya buga sakamakonsa a 1984. A Tunisiya an raba majinyata 90 aka bi su shekara bakwai, sakamakon balan-balan ya yi daidai da na buɗe ƙirji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aunin Wilkins yana duba abu huɗu a eko: motsin ƙyamare, kaurinsu, kalsiyam, da kaurin igiyoyin da ke riƙe su daga ƙasa, kowane maki 1 zuwa 4. Jimla 8 ko ƙasa alama ce mai kyau. Amma ma'aunin bai duba kusurwoyin su kansu ba, alhali nan ne aikin yake. In dukansu biyu sun yi tsakuwa, matsin zai nemi wuri mafi rauni, wato tsakiyar ƙyaure. Ba a yin aikin in bawul ɗin yana yoyo fiye da kaɗan, wanda hakan ke fitar da yara da matasa da dama, don a ƙananan shekaru yoyo ya fi tsukewa yawa. Ba a yin sa kuma in akwai gudan jini a ɗakin hagu. Eko ta ƙirji ba ta ganin 'yar aljihun da gudan ke ɓuya, sai ta maƙoshi. In an gani, a ba da wafarin, ƙwayar hana daskarewar jini, wata biyu zuwa shida a sake dubawa.

Girman balan-balan daga tsawon mutum ake lissafa shi: a raba tsawonsa na santimita da 10, a ƙara 10. Mace mai santimita 160, nata milimita 26 ne. Bayan huda katanga, ana saka waya mai naɗi a ɗakin hagu, a faɗaɗa hanyar, a miƙe balan-balan da bututun ƙarfe don ya sirance ya wuce. Roba biyu ce da ragar nailan a tsakani, an saƙa ta yadda ba za ta kumbura gaba ɗaya ba. Ana ɗan hura gabanta, a karkata ta da waya ta faɗa ɗakin ƙasa. A nan sai an ga tana zuwa tana dawowa a sake har ƙasan zuciya. In ta karkace ko ta maƙale, ta shiga tsakanin igiyoyi ke nan, kuma hurawa a haka tsinke su zai yi. In hanya ta yi kyau, a hura gaban sosai, a ja baya har ya tokari bawul, a ci gaba da hurawa sai bayan ya kumbura, ta zama kamar kalangu, bawul a ƙugunta. Ƙarshe ƙugun ya buɗe. Duka bai wuce daƙiƙa biyar ba, don a lokacin jini ba ya wucewa sam.

Ba a fara da cikakken girma. Mai 26 za a fara mata da 22 zuwa 24, a duba eko, a ƙara milimita 1, a sake dubawa. Ana tsayawa idan faɗin ya haura 1.5, ko kusurwa ta tsage har ƙarshe, ko yoyo ya ƙaru da mataki ɗaya. Mafi yawan ɓarna tana zuwa ne daga kwaɗayin hurawa ɗaya ta ƙarshe don lambar ta ƙara kyau. Garin gyaran gira a rasa ido: ƙyaure ya yage, jini ya koma huhu, wanda ya shigo da ƙafarsa ya wuce ɗakin tiyata a daren. Yoyo mai tsanani yana samun mutum biyu zuwa goma cikin ɗari, gwargwadon irin bawul da hannun mai aiki, shi ya sa ba a raba wannan aiki da likitan tiyata da zai iya karɓa. In komai ya tafi daidai, ƙofa mai 1.0 tana komawa kusan 2.0, kuma da yawa tun a kan gadon suke jin numfashinsu ya sake.

Mata da dama a juna biyu ake gano nasu. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50, bugun zuciya ya ƙara sauri, lokacin da jini ke samu ya ratsa tsukakkiyar ƙofa ya ragu. Sai haki, tari da dare, kasa kwanciya sai da matasai, wani lokaci kakin jini, a yi ta cewa laulayi ne ko asma. Ana fara da maganin rage gudun zuciya da na fitar da ruwa. In bai isa ba, ana yin balan-balan bayan mako 20, a taƙaita hasken hoto iya iyawa. Na'urar zuciya da huhu tana da haɗari babba ga ɗan tayi, bawul na ƙarfe kuma yana nufin wafarin har ƙarshen rai, da gwajin jini a kai a kai, da haɗarin nakasa ga jariri tsakanin mako 6 zuwa 12 na kowane ciki mai zuwa. Ga matar da ke zaune nesa da ɗakin gwaji, shekara goma ko sha biyar da bawul ɗinta na asali ba ƙaramin abu ba ne. Wadda aka gano nata kafin aure ko kafin ciki, a gyara tun lokacin ya fi.

Balan-balan bai warkar da rumatik ba. Kowane sabon ciwon maƙogwaro na iya tayar da cutar, don haka allurar benzatin fenisilin, yunit miliyan 1.2 duk mako uku zuwa huɗu, tana ci gaba bayan aikin, ga mai lalataccen bawul har ya kai shekara 40 da haihuwa ko ma iya rayuwa. Wanda bugun zuciyarsa ya rikice yana buƙatar maganin hana daskarewar jini, kuma binciken INVICTUS na 2022 ya nuna a wannan cutar tsohon wafarin ya fi sabon ribarokzaban kare rai. Na'urar toshe aljihun zuciya irin Watchman ma ba ta maye gurbinsa a nan, domin a rumatik gudan jini kan taru har a tsakar ɗakin, ba a aljihu kaɗai ba. Haƙori mai ruɓa a gyara shi, kuma zazzaɓin da ya ƙi tafiya a ɗauki jini a shuka shi a ɗakin gwaji don gano ƙwayar cutar kafin a fara maganin ƙwayoyin cuta, kada a tsaya a kan maleriya da taifot. Eko sau ɗaya a shekara. Idan bayan shekaru ƙofar ta sake tsukewa, abin dubawa shi ne kusurwoyin: in sun sake mannewa ne kuma ƙyamaren na da sauran laushi, ana iya maimaita balan-balan. In kusurwoyin a buɗe suke amma ƙyamaren sun sandare, babu sauran abin tsagawa, sai a canza bawul.